Jan Rubutun Kwamfuta Ba Maƙiyinmu Ba Ne

Mu da muke taya ɗalibai da masu bincike aikin ƙididdiga muna da wata muguwar ɗabi'a. Da zarar manhaja ta fito da jan rubutu, sai mu hau goge layi da sauya lamba har ta yi shiru, sannan mu ce an gyara. Ba a gyara komai ba, baki muka toshe mata.

Mu ɗauki binciken da ke neman alaƙar wata cuta da sauyin ƙwayar gado wanda ba kasafai ake samunsa ba. A ce an gwada mutum 2,000, uku kaɗai ke ɗauke da sauyin, kuma duk ukun marasa lafiya ne. Lissafin da muka saba yi a manhajar R zai yi gargaɗi, ko ya ba da lambar da hankali ba zai ɗauka ba, domin babu mai lafiya ko ɗaya da ke da sauyin balle a kwatanta. Cire mutum ukun ba magani ba ne, wataƙila ma su ne amsar. Akwai gyaran da David Firth ya wallafa a 1993, akwai kuma SKAT, wadda ke haɗa sauye-sauyen ƙwayar gado guda ta auna su tare.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne wanda ba ya ihu. A manhajar PLINK, 1 na nufin mai lafiya, 2 mara lafiya, 0 kuma wanda ba a san halinsa ba. Wanda ya rubuta 0 da 1 yadda ya saba, masu lafiyarsa sun ɓace, marasa lafiyarsa sun koma masu lafiya. Manhajar takan faɗi adadin a rahotonta, amma mu nawa ke karantawa? Haka Excel ta riƙa mayar da sunan ƙwayar SEPT2 zuwa 2 ga Satumba, har daga baya aka sauya sunan ya koma SEPTIN2.

Mu da muka ga yadda sakamakon gwajin sikila ke ɗaura aure ko ya fasa shi, bai kamata mu raina lambar gado ba. Bayan kowane layi akwai mutum da iyalinsa.

Don haka kafin mu taɓa komai, mu karanta saƙon har ƙarshe, mu ƙirga mutanen da suka shiga lissafin da waɗanda suka fita, mu rubuta duk abin da muka sauya. Idan ya gagare mu, mu tambayi na gaba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.