Ba Aisha Macky ce ta kunyata mu ba

Jama'ar Kelle da kewaye, a bari mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. Duk sanda aka ambaci fim ɗin "Zinder" na Aisha Macky, wanda ya fito a 2021, sai ka ji wani ya ce: "Ai ta kai asirinmu wa Turawa." Dan Allah, wane asiri? Kara-Kara dai unguwa ce cikin Damagaram inda aka ware kutare tun da daɗewa, jikokinsu suka tashi da tambarin unguwar a goshi, ba lakwal, ba aiki, sai "fale" da fasa-ƙwaurin esansi daga Najeriya. Wa bai san wannan ba?

Saurayin da ta ɗauka a kyamara, shi ne fa namu na nan Kutus. Damina ta wuce, gero bai kai watan uku ba, sai ya sayar da akuyar uwarsa ya hau Hilux zuwa Agadas, Dirku, Sabha, ko ramukan zinariyar Jado da suka buɗe a 2014. In ya turo jikka ashirin mu sa albarka. In ya dawo hannu rabbana, mu ce ɗan iska ne. In bai dawo ba, shiru. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara. Dokar 2015-36 ta zo, aka soke ta a Nuwamban 2023, tafiya ba ta tsaya ba.

Bida ba yau ta fara ba. Umaru Ganda ma dako yake yi a tashar jiragen ruwan Abijan kafin ya fito a fim ɗin Jean Rouch na 1958, ya dawo gida ya yi "Cabascabo". Yau da sunansa muke tinƙaho.

Abin kunyar dai shi ne a kalli labarinmu a Switzerland da Wagadugu, mu kuma mu zage shi ba mu kalla ba. Mu 'yan rediyo muna roƙon komin ɗin Kelle da shugabannin matasa: a samo injin wuta da farin zane, a haska fim ɗin ran kasuwa, a zauna da 'yan bidan da suka dawo su yi magana da bakinsu. Bayan nan, mai suka ya soka.