A bar masu gurasa su zauna kusa da garke



Duk wanda ya taɓa kora shanu zuwa kasuwar Abalak ko ta Dakwaro, ko ya halarci bikin lasar gishiri na Ingal a watan Satumba, ya san yunwar kasuwa. Mutum ya yi kwana uku a hanya, ya iso da hantsi, dillali na jan sa, ba shi da halin barin dabbobinsa ya shiga gari neman tuwo. Abin da ke ceton sa shi ne gurasar alkama mai zafi daga tanderu, da matan da ke gasa ta a bakin kara.

'Yan uwanmu Abzinawa kuma suna da tagela. A kwaɓa garin alkama da ruwa da gishiri, a murza sosai, a tone rairayi mai zafi a binne ta ƙarƙashin garwashi. In ta gasu a karkaɗe toka, a gutsuttsura, a zuba man shanu ko nono. Ba a buƙatar tanda ko tukunya, shi ya sa ta dace da mai tafiya.

To, yau sana'ar nan tana cikin wahala. Yawancin garin alkama daga waje ake kawo shi. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, mun ga yadda buhu ya yi tsada. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya sake tayar da shi, rufe iyakar Binin a 2023 ya ƙara. Alhali ana noman alkama a garaken Ayar, wajen Timiya da Tabalot, da fadamun Ƙonni da Jirataua. Ba ta da yawa, gaskiya ne, amma wa ya taɓa haɗa manoman nan da matan kasuwa?

Abin da ya fi ɓata muna rai, a wata kasuwa mun ga an kori masu tanderu daga bakin kara, wai hayaƙi ya yi yawa, aka mai da su can bayan tasha. Kuma kowace ranar kasuwa ana yankar masu tikiti kamar masu kanti. Wasu zawarawa ne, da wannan gashi suke ciyar da marayu. Makiyayi kuwa sai ya zaɓa: ya bar shanunsa ga yaro, ko ya wuni da shayi kaɗai. Kowace dabba da aka sayar sai da aka biya ma komin kuɗinta. Ina laifin a yi wa masu ciyar da mu rumfa daga cikin kuɗin nan?

Muna roƙon hukumomin gari su ware masu wuri kusa da kara, su rage masu tikiti. Wakilanmu na kowace kasuwa su rubuto muna yawan matan da abin da ake karɓa hannunsu, domin mu kai maganar gaban hukumomin komin kafin kasuwannin kaka su cika.