Uwar da ke neman ɗanta a cikin waya

Daren Juma'ar da ta wuce an ɗauke wuta a unguwarmu Wemtenga, muna tsakar gida kowa da mafici a hannu, sai ƙanwata ta zo ta tsaya a kaina. "Yaya, ka yi wa ɗan nan naka magana. Wasan fatalwa yake yi a waya, kwana uku ke nan bai yi barcin kirki ba." Na kira yaron, na ce ya zauna kusa da ni a tabarma ya nuna mini. Na ɗauka jini da sara zan gani. Abin da na gani ya sa na kwana ina juyi.

Sunan wasan Sweet Home. Kamfanin Capcom na ƙasar Japan ne ya fitar da shi a 1989 a kan na'urar Famicom, wani mutum mai suna Tokuro Fujiwara ya jagoranci aikin, kuma daga fim ɗin Kiyoshi Kurosawa na wannan shekarar aka ɗauko labarin. Ba a taɓa sayar da shi a wajen Japan ba. Masu ƙaunarsa ne suka fassara shi zuwa Turanci suka saka a intanet, ga shi yau a hannun ɗan lakwal a Wagadugu, yana lalubo kalmomin da Faransancinsa. Hotunan ƙanana ne, kamar zanen kaba a jikin tabarma, amma yaron yana riƙe da wayar da hannu biyu yana sauke numfashi a hankali.

Mutum biyar ne suka shiga tsohon gidan wani mai zane, Ichiro Mamiya, ƙofa ta rufe a bayansu. Kowa da abin da yake riƙe: wannan abin kunna wuta, wannan akwatin magani, wannan kyamara, wannan injin share ƙura, ƙaramar yarinyar kuma makulli. Ba wanda zai fita da kayansa shi kaɗai. Kuma wanda ya mutu ya mutu, babu maganin da zai tashe shi. Yaron ya nuna mini inda ɗaya daga cikinsu ta faɗi, ya ce, "Kawu, laifina ne, ni na bar ta ita kaɗai a baya." Idonsa ya cika. Rabon da in ji yaro ya ɗora wa kansa alhakin wani a kan wasa, na manta.

Fatalwar gidan, wato matar mai zanen, uwa ce. Ɗanta ƙarami ya faɗa murhun ƙona shara na gidan ya mutu, hankalinta ya gushe, ta riƙa sace 'ya'yan mutane tana kashewa wai don ɗanta ya sami abokan wasa, daga baya ta kashe kanta. Ƙarfi kaɗai ba ya gama da ita. Sai an nemo akwatin gawar jaririn an kai mata, sannan ta saki gidan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar uwar da aka fitar da gawar ɗanta ya san abin da waɗanda suka ƙirƙiro wasan nan suke faɗa, ko da bai san inda Japan take ba.

Shi ya sa ban goyi bayan ƙanwata ba, ko da yake na fahimci tsoronta. Mu da muka tashi a gaban kaka tana ba mu tatsuniyar Dodo, muna maƙale da zanenta, bai kamata mu ce tsoro ba abin yara ba ne. Garin nan ma shaida ne. Wasan Dodo da yara ke yi a Wagadugu da watan azumi, da fuskokin ƙwarya da wutsiya da kiɗa, fatake Hausawa ne suka kawo shi, har sunan namu ne. Zangouettin, tsohon zangonmu, an rushe ta a 2003 saboda aikin sake fasalin gari da ake kira ZACA, mutane suka watse, dandalin da ake taruwa da dare ya ragu. Yaran da suka rasa kaka a kusa sun je neman Dodo inda suka same shi.

Ban ce duk wasa haka yake ba. Resident Evil na 1996, wanda aka gina a kan tubalin wannan wasan, har da ƙofar da ke buɗewa a hankali, ya fi karkata ga bindiga, kuma akwai waɗanda suka biyo baya da ba zan bar ƙaramin yaro ya gani ba. Abin da ke ci mini rai shi ne iyaye su yanke hukunci daga nesa. Muna ba yaro dala ashirin ya tafi ɗakin PlayStation, ba mu taɓa leƙawa mun ga abin da ke kan allon ba, sai ranar da ya firgita a barci mu ce shaiɗanci ne.

Na ce wa ƙanwata ta bar shi ya ƙarasa, amma bayan isha'i a ajiye wayar a ɗakinta. Jiya da la'asar ya same ni ina alwala, ya durƙusa ya ce ya kai wa uwar ɗanta, mutum huɗu sun fito. Sai ya tambaye ni ko a tatsuniyar kakarmu an taɓa faɗin abin da ya mayar da Dodo dodo.