Wuta Ce Alƙali a Mas'alar Zaɓen Kwamfuta

Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa fatawa takan sauya da sauyawar zamani da wuri, kuma a ra'ayina wannan ƙa'ida ta hau kan mas'alar da ke damun akawu da lauya da ɗan jarida a yau, wato wace kwamfuta ta cancanci mutum ya zuba guminsa a kanta, ta tebur ko ta tafi-da-gidanka. Masana a Turai da Amurka sun yi hukunci cewa idan farashi ɗaya ne ta tebur ta fi ƙarfi, ta fi jure zafi, ta kuma fi sauƙin gyara, tun da ana buɗe cikinta a cire abin da ya lalace a maye shi da wani; hukuncinsu kuwa sahihi ne, illa dai an yanke shi ne a ƙasashen da ɗauke wuta ya zama abin labari.

Mu kuwa halinmu sananne ne. A watan Oktoba na 2024, bayan da aka lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, galibin jihohin Arewa sun yi kwana da kwanaki cikin duhu, a daidai lokacin da man janareta ya gagari talaka tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Wanda ke da ta tebur a wannan hali, ko da ya haɗa ta da UPS, mintoci kaɗan ne rabonsa, gwargwadon ya adana aikinsa ya kashe. Amma ta tafi-da-gidanka, wadda cajarta sau da yawa ba ta wuce wat 65 ba, ƙaramin faifan sola ya ishe ta, batirinta kuma ya riƙe ta sa'o'i. Saboda haka duk mai sana'ar da ke ci da kansa, in ba aikinsa tace bidiyo ko zanen manyan gine-gine ba ne, ita nake ba shi shawara ba tare da wani taraddudi ba. Sai dai ya kiyaye ta daga ƙurar hunturu, wadda kan toshe mata mashaƙar iska, ya kuma tambayi mai sayarwa a kasuwar Farm Centre ko ana iya ƙara mata ma'adana, domin da yawa daga cikin na yanzu an liƙe tasu tun daga masana'anta.

Inda raina ke sosuwa shi ne ofisoshin hukuma da asibitoci, inda ake raba wa ma'aikatan da ba sa barin kujerunsu kwamfutocin tafi-da-gidanka don alfahari kawai, alhali bayanan albashi da na marasa lafiya amana ce da bai halatta ta riƙa kwana a jakar wani ko a bayan Keke Napep ba. Ma'aikatar da ke da ikon sayen ɗaruruwan irin waɗannan tana da ikon kafa sola da batura, ta girke na tebur, waɗanda mai gyara zai iya raya su shekara da shekaru.