Mu koya wa yaranmu lallashi, ba umarni kaɗai ba

Makon jiya wani tsohon ɗalibina ya same ni a gida, waya a hannu, ransa a ɓace. Ya aika wa shugaban wata ma'aikata saƙo yana neman gurbin koyon aiki, yau kwana goma shiru. Na karɓa na duba. Ga abin da ya rubuta: "Je veux un stage. Il faut me répondre." Wato ina son gurbi, dole a ba ni amsa.

Na ce, "Kai, haka za ka yi wa kawunka magana?" Ya ce, "Mushe, wallahi ni roƙo nake yi." Kuma na yarda da shi. Yaron nan ko ruwa zai miƙa maka sai ya rusuna. Da Hausa yana da ladabi, sai dai ladabin bai bi shi cikin Faransanci ba.

Laifin namu ne, mu malamai. Faransancin da yaro ke fara ji a lakwal na umarni ne: "Debout", "Assis", "Taisez-vous". In ya shiga kolej, Ingilishi ya tarbe shi da "Stand up" da "Sit down". Muna sa su haddace "conditionnel" don jarrabawa, amma ba mu faɗa musu amfaninsa a bakin mutane ba. Ni kaina na yi shekaru ina haka.

Alhali abin ba baƙo ba ne. Bahaushe ba ya ce wa babba "ba ni". Cewa yake "da za ka daure", ko "ko za a taimaka mini". Aikin wannan "da" ɗin shi "conditionnel" ke yi. "Je veux" ya koma "Je voudrais", "Répondez-moi" ya koma "Pourriez-vous me répondre ?" In shawara kake son kawowa ba tare da tilas ba, ka ce "Et si on essayait demain ?", kamar mu ce "me zai hana mu gwada gobe?" Sannan babba "vous" ne, ba "tu" ba.

Ingilishi kuwa ba shi da wannan bambanci: sarki da talaka duk "you" ne. Shi ya sa girmamawar ta koma cikin tambaya. "Could you help me?" ya fi "Help me" laushi nesa ba kusa ba. "Why don't we…" da "How about…" su ke jawo mutum ya ji shawarar kamar tasa ce. A kula da "Would you mind…": tambaya ce ko abin zai dame ka, don haka wanda ya amince "No" ko "Not at all" yake cewa. Kuma kada a zata "please" na wanke komai. "Please do it now" har yanzu umarni ne, hula kawai aka sa masa.

Wani zai ce wannan kwana-kwanar Nasara ce, ina ruwanmu? Ruwanmu ne. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, amma ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Da su ake rubuta takardar neman aiki a Yamai, da Ingilishi ɗan kasuwar Maraɗi ke cika takardu a Legas. Mukan ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. To a saƙon waya ba a ganin fuska, kalmominka ne fuskarka.

Roƙona ga ƴan uwana malamai: mu ware ko minti goma a mako. A ba yara jimlar umarni, su tausasa ta da Hausa tukuna, sannan da Faransanci ko Ingilishi. Ba ya cin alli, ba ya cin kuɗi.

Ɗalibina dai mun zauna mun sake rubuta saƙon, ya fara da gaisuwa da ban haƙuri. Yana jiran amsa. Allah Ya sa a dace.