WANE NE YA KOYA WA MATASAN TUDUN WADA KARIN KUMALLO DA WALAHA?

Duk wanda ya bi ta Kongo ko Agoro ranar Asabar ko Lahadi da misalin ƙarfe 11 zai ga abin takaici. Samari ne majiya ƙarfi, ido a kumbure da barci, sun cika gidajen abinci. Wai sai yanzu za su karya! Kuma ba kumallo suke ce masa ba, ba abincin rana ba. Sunansa "biranci". To, sunan dai ya dace da abin, don biri aka sani da kwaikwayo.

Da za a tambayi ɗaya daga cikinsu asalin wannan ɗabi'a, da sai ya yi zuru. Wani Bature ɗan Ingila, Guy Beringer, shi ya fara tallata kalmar a wata maƙala a 1895. Mene ne hujjarsa? Wai a sauƙaƙa wa waɗanda suka raba daren Asabar suna sheƙe aya, su samu su yi barcinsu ran Lahadi, su tashi su haɗa kumallo da abincin rana a zama ɗaya. Abincin 'yan holewa ke nan tun ran gini. Shi ne yau ɗan Musulmi a Zariya ke ɗaukar hotonsa yana alfahari.

Kada wani ya yi wa maganar nan fassarar son rai. Ba a ce cin abinci a gidan abinci haramun ne ba. Lebura, matafiyi, da ɗalibin da ba shi da murhu, duk uzurinsu a fili yake. Magana ake a kan wanda ya baro koko da ɗumame a gidan ubansa saboda raini. Kuma a tambaye shi, ina yake da Asuba? Manzon Allah (S) sammako ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikinsa. Sahabin da ya ruwaito wannan, Sakhar al-Gamidi, da sassafe yake tura hajarsa, har ya yi dukiya.

Sai batun aljihu. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, talaka bai sake shan ruwa da daɗi ba. A Yunin 2024 hukumar ƙididdiga ta gwamnati da kanta ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A irin wannan hali ne saurayi zai kashe a faranti ɗaya abin da zai yi wa gidansu cefane, uwarsa na can tana lissafin gwangwanin masara? Wani ma kuɗin littafi ne ya karɓo da ƙarya.

Kuɗin kuma ina suke tafiya? Burodi da taliyar da ake rububi, akasarin alkamarsu daga ƙetare ake shigo da ita da dala. Shi kuwa ƙosai waken manomin Giwa ne ko Soba, wataƙila ma irin da masana suka inganta a Samaru. Mai suyarsa sau da yawa bazawara ce da ke riƙe da marayu. Takwas na safe ta kwashe kaskonta, lokacin 'yan birancin ko juyi ba su yi ba.