Bulala Ba Ta Maganin Ajin Da Ya Cika Maƙil

Sanin kowa ne cewa a makarantun ƙasar Kano, tun daga Birni har zuwa ƙauyuka irin su Ɗankaza ta ƙasar Wudil, da zarar aji ya kaure da surutu, abin da malami kan fara lalubowa shi ne bulala. Akan ce wai yaran zamani ba sa jin magana. To amma kafin a ɗora wa yaro laifi, ya kyautu a dubi ɗakin da aka zaunar da shi.

Tsarin ilmi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a ajin babbar sakandare. Ga shi kuwa ba abin mamaki ba ne a tarar da ninkin haka a aji guda. A 2024 Gwamnatin Jihar Kano da kanta ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, tana mai kokawa da yadda yara ke karatu a zaune a ƙasa. Idan aka cusa mutane da yawa a ɗaki mai rufin kwano, cikin zafin watan Afrilu, taga a rufe, gurɓatacciyar iskar da suke fitarwa takan taru, jiki ya mutu. Wani ya yi gyangyaɗi, wani ya tsokani maƙwabcinsa. Ina laifin tarbiyya a nan?

A 1970 wani masani ɗan Amurka, Jacob Kounin, ya wallafa sakamakon nazarin azuzuwan da ya ɗauka a fim. Abin da ya gano ya ba shi mamaki: malaman da ajinsu ke da natsuwa ba su fi sauran iya tsawatarwa ba. Sun dai fi su hana ɓarna tasowa. Idonsu na kan kowane lungu, darasinsu ba ya yankewa, kuma ba wanda ya san wa za a jefa wa tambaya.

Sai a gwada wannan da malamin da zai juya wa aji baya yana cika allo da rubutu na tsawon minti 20, ya bar monita yana rubuta sunayen masu surutu. Wannan monita, bawan Allah, abokan gaba kawai ake tara masa.

Gina azuzuwa da ɗaukar malamai nauyi ne na hukuma, ba kuma a yini ɗaya ake sauke shi ba. Amma buɗe taga, da zagaya aji, da kiran ɗan layin baya da sunansa, da ba shi aikin yi kafin a juya ga allo, ba sa jiran kasafin kuɗi.